Yadda Na Shiga Layin Direbobi Don Zuba Kankare

Samarin unguwarmu a Dangora sun mai da ni abin tsokana. Da sun hango ni na dawo daga aiki sai wani ya ce, "Baba Sule, ai ku kun ji daɗi. Kwangilar tasha me ke cikinta? Rumfa ce da benci." Sauran su kwashe da dariya. Ba na jin haushi, don mai faɗar bai taɓa ɗaga abin da ya fi wayar hannunsa nauyi ba. Amma tunda na ji wasunku na cewa za su shiga harkar, gara ku ji ta daga bakin wanda ta tsufar.

Idan gida kake ginawa, mai gida ɗaya ne, in ya cika surutu sai ka jira ya tafi kasuwa. Tasha ba haka take ba. Hukumar sufuri ce ta ba ka aiki, amma direbobi na da magana, 'yan kamasho na da magana, mai shayi na da magana, har fasinjan da ya sauko kama ruwa sai ya tsaya ya gaya maka ginshiƙinka ya karkace. Kuma ba a rufe tasha don ana gini. Kana kwaɓa siminti akuya na bi ta tsakanin ƙafafunka, wani na roƙon ka riƙe masa buhu ya je ya dawo.

A Bebeji na koyi gini, a hannun Baba Haladu. Na daɗe ban taɓa cokalin gini ba. Tankaɗe yashi, jiƙa bulo, wanke shebur da kwanon sarki bayan an tashi, aikina ke nan. Ranar da ya fara miƙa mini cokali na jera bulo ina jin kaina, sai ya zo ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya sa ƙafa ya ture su, ya ce, "Sule, wannan katanga ce ko maciji?" Shi ya koya mini jan igiya, da duba ma'aunin ruwa, da gane yashi mai laka ta hanyar matse shi a hannu. Shi ya koya mini cewa sabon kankare kamar jariri yake, a ba shi ruwa safe da yamma, kuma kada a bar kowa ya hau kansa sai ya yi ƙwari.

Aikin tasha na farko da na bi shi a wajen Kiru ne, ɗakin sayar da tikiti da bayan gida. Irin kwangilar nan ce da ake zana komai a ofis, 'yan kwangila su yi takara, wanda ya ci a miƙa masa zane. A nan naka bi ne kawai. Ko taga ta kalli bangon maƙwabci ka saka ta, in ya so daga baya a sake ba ka aikin toshe ta. Akwai kuma wadda za a ce zane naka, gini naka, mu dai ka kawo mana makulli. Irinta muka yi wa 'yan acaɓa rumfa a Kafin Maiyaki, kuma tana da daɗi har zuwa ranar da rufi zai yi yoyo, ka waiga ka rasa wanda za ka ɗora wa laifi. Amma wadda ta fi cin rai ita ce ta hannu, wato kaya na hukuma, hannu naka. Za su kawo siminti da rodi daidai aikin, babu ƙari. In kwaɓi ya bushe maka a ƙasa, kai ka sani.

Shekarar da siminti ya yi tashin da kowa ya ajiye gini, birkiloli da yawa gona suka koma, wasu acaɓa. Ni dakon yashi na koma da tsohuwar a-kori-kurata, wadda ba ta tashi sai an tura. A ƙarshen wannan shekarar aka fito da aikin wata ƙaramar tasha a wani gari tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ba zan kama sunan garin ba, don har yanzu ina da gidan da nake cin tuwo a can. Rumfar fasinja ce da rufin kwano, da daɓen kankare inda motoci ke tsayawa, kuma irin ta hannu ce. Ban taɓa karɓar aiki da sunana ba, don haka aka ce sai na kawo mai tsaya mini. Baba Haladu ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi rauni, amma ya sa babbar riga ya je ofis da kansa ya ce, "Ɗana ne. In ya gaza, ni na gaza." Aka sa ranar buɗe tasha. Aka gaya mana a fili cewa in ranar ta zo aiki bai kammala ba za a ƙwace shi, kuma daga ni har shi ba wanda za a sake ba ko gyaran kwata. Sunan da tsohon nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana ginawa, shi ya ɗauka ya ɗora mini a ka.

Aiki ya tafi lafiya da farko. Rabi-rabi muka yi shi, mu kewaye gefe ɗaya da ganguna mu zuba, in ya yi ƙwari motoci su koma kai, mu koma ɗaya gefen. Ginshiƙai suka tashi, rufi ya hau, benci ya zauna. Sai ya rage wuri ɗaya a tsakiyar rumfa, faɗinsa bai wuce tsakar ɗaki ba. Nan ne wurin lodi, inda motar da layi ya zo kanta take tsayawa ta ɗauki fasinja.

Na je wurin Sarkin Tasha, Alhaji Mati, wani gajeren dattijo da ke zama a kan kujerar mota da aka ciro aka ajiye masa a inuwa. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi iyali da gajiya da kasuwa, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, saura wurin lodi. A ɗan matsar da mota gefe mu zuba kankare."

Ya dube ni kamar na ce a matsar da masallaci.

"Malam Sule, mota mai lodi ba ta motsi sai ta cika."

"To in ta cika ta tafi, a dakatar da ta bayanta."

"Wurin lodi ba ya zama babu mota."

"Bayan an tashi fa?"

"A nan take kwana."

Sai ya ba ni labari. Shekarun baya direbobin tashar sun yi rigima a kan layi har da fasa kai, saboda wannan ya ce an matsar da shi, wancan ya ce an sha gabansa. Da abin ya yi tsanani aka tara su gaban Liman, suka yi rantsuwa cewa ba wanda zai ƙara matsar da motar da ke lodi, ba kuma wanda zai sauya wurin. Tun daga ranar ba a sake faɗa ba. Alhaji Mati ya ce yana tausaya mini ƙwarai, amma ba zai yi kaffara saboda siminti ba.

Na kira injiniyar hukuma da ke duba aikin, wadda kowa ke ce wa Hajiya Injiniya. Ta zo ta yi masa bayani mai kyau. Ya sa aka ba ta kujera, aka kawo mata fura mai sanyi, duk abin da ta faɗa ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya." Mota ko gezau. Da za ta tafi ta ce da ni, "Malam Sule, ka san mutanenka. Ni abin da na sani shi ne ranar buɗewa ba ta ɗaguwa."

Dabarar farko ta Iro ce, babban leburana mai kwaɓi, ƙato mai faɗin ƙirji da yawan shawara. Ya ce rantsuwa ta hana matsar da mota, amma ba ta hana ganga gudu ba. Mu kwaɓa kankare a gefe, mu jera ganguna, da zarar mota ta cika ta ɗaga mu mirgino su mu tare wurin kafin ta bayanta ta shigo. Na ga maganar ta hau. Motar wani direba Ɗanliti ce ke lodi ran nan, saura mutum kaɗan ta cika, sai muka kwaɓa. Ashe ba ranar kasuwa ba ce. Muka yi ta jira, fasinja bai zo ba, kwaɓi ya fara kamewa. Iro ya sake kawo shawara: shi da sauran leburori su shiga a matsayin fasinja, mota ta cika, su sauka a bakin gari su dawo da gudu.

Suka shiga, mota ta cika, ta tashi. Sai a lokacin na tuna waɗanda za su mirgina gangunan su ne a cikin motar. Na kama ganga ɗaya ina nishi, kafin in kai ta rabin hanya motar baya ta silalo ta tsaya daram a wurin. Direban ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, Malam Sule." Shi kuma Ɗanliti ya ƙi tsayawa a bakin gari, ya ce motar Doguwa ce, a Doguwa take sauke mutane. Sai da yamma leburorina suka dawo a saman motar masara, Iro riƙe da rake ya kawo mini tsaraba. Kwaɓin ya bushe ya zama tudu a bakin tasha, har yau masu jiran mota na zama a kai. Sai da tunkiyar gidana ta je kasuwar Tudun Wada kafin na mayar da simintin.

Bayan kwana biyu ina zaune na rafka tagumi, sai na ga wurin lodi babu mota. Tayar safaya ce kawai a kwance a tsakiya. Na tashi da sauri na tambayi Sarkin Tasha. Ya ce mai lodi ya tafi shan mai. Ashe akwai wannan a cikin tsarinsu. Direban da ke lodi yana iya zuwa gidan mai, ya bar tayarsa ta riƙe masa wuri. Kafin ya dawo, motar da ke bayansa tana ɗaukar fasinja a inda take tsaye, in ta cika ta tafi abinta. Shi ya sa ba direban da ke daɗewa a gidan mai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in mutum ya daɗe fa?"

"Asararsa."

"In ya kwana?"

"Ba mu taɓa ganin wawan da zai kwana ba." Ya ja carbinsa, ya dubi a-kori-kurata da ke gefe da yashi a bayanta. "Amma dai wuri na mai taya ne."

Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ina roƙon wani ya tafi shan mai ya manta da dawowa. Kowa ya ce yana da iyali. Saboda haka washegari na share bayan motata, na ɗaura katako biyu suka zama benci, na je na ce ina son shiga layi. Aka tara direbobi. Alhaji Mati ya ce ba a karɓar direba sai an ji muryarsa, in kira fasinja a ji. Na tsaya a tsakiyar tashar da nake ginawa, da furfurata, na ce, "Doguwa, Doguwa, saura mutum ɗaya." Ɗanliti ya ce muryar ta fi kama da ta mai tallan maganin basir, amma aka karɓe ni, aka sa ni a ƙarshen layi.

Layin nan ya ci kwanaki. Kullum da safe leburorina su tura motar ta matsa gaba kaɗan, ni kuma in zauna a majalisar direbobi suna koya mini yadda ake gini. Ranar buɗewa na ta matsowa, kankare kuma na buƙatar makonninsa. A cikin kwanakin ne wani mai son kai labari ya je har Bebeji ya ce Sule ya bar gini ya koma direba. Baba Haladu ya sa aka kira masa ni a waya.

"Sule, abin da na ji gaskiya ne?"

"Baba, ginin ne ya kai ni."

Can ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Wannan addu'ar ta dame ni fiye da a ce zagina ya yi. Na san bai gane ba, kuma na san ba zai sake tambaya ba.

Ranar da layi ya zo kaina, an tura motar ke nan ta hau wurin lodi, kafin in buɗe baki wata tsohuwar Bafulatana ta ɗora ƙwaryar nononta ta haye baya ta gyara zama. Na ce, "Inna, yi haƙuri, mai zan je in sha." Ta ce in je, tana ciki. Sai da 'yan kamasho suka yi ta lallashi kafin ta sauko ta shiga motar baya. Na ciro tayata na ajiye, aka tura motar muka fita.

Sai wata sabuwa ta taso. Taya a ƙasa take riƙe wuri, ni kuma ƙasar nake son zuba wa kankare. Na ce mu rataye ta a jikin katakon rufi, ta sauko daidai wurin. Nan majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce tayar da ke lilo a sama ba ta riƙe komai ba sai iska. Wasu suka ce ai ko mota ba dukanta ke taɓa ƙasa ba. Da musu ya yi tsawo muka ɗunguma zuwa zauren Liman, muka same shi yana biya wa manyan ɗalibansa karatu. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Ranar da kuka yi rantsuwar, kun ce sai taya ta taɓa ƙasa?" Aka dubi juna, aka ce ba a faɗa ba. Ya ce, "To ku tashi ku ba ni wuri."

Muka rataye ta da igiya, tazarar tsayin mutum daga ƙasa, Sarkin Tasha da kansa ya auna. Muka shimfiɗa rodi, muka kwaɓa, muka zuba, na bi da katako na daidaita, taya na lilo a kan hulata. Ban taɓa zuba kankare da daɗin rai irin na ran nan ba.

Reno ya fi zubawa wuya. Motata tana shan mai, don haka ba ta da damar a gan ta a gari. Na ɓoye ta a bayan gidan mai injin niƙa na lulluɓe da kara, ruwan ban kankare kuma muka koma ɗaukowa a baro. Muka rufe daɓen da jiƙaƙƙun buhuna, Iro ya zama makiyayin kaji da awaki, yana korar su da sanda. Direbobi kuwa daɗi suka ji, don layi ya ragu da mota ɗaya. Duk wanda ya wuce ni sai ya ce, "Direba, ya layin mai?" Tsohuwar nan ma duk ranar kasuwa sai ta tsaya ta dubi tayar, ta dube ni, ta ce, "Har yanzu man bai samu ba?" In ce, "Ana nema, Inna." Ta ce Allah ya kawo sauƙi.

Ana gobe buɗewa Hajiya Injiniya ta zo ta duba. Ta ƙwanƙwasa daɓen da guntun rodi, ta zuba ruwa ta ga inda ya gangara, ta ɗaga kai ta ga taya, ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta fasa. Ta ce aiki ya yi.

Ranar buɗewa ta faɗo ranar kasuwa. Aka kafa rumfar taro, aka jera kujeru, manya daga hukuma suka iso. Na sa shaddata ta Sallah. Baba Haladu ma ya zo a bayan acaɓa, ya lallaɓa ya zauna a kujerar ƙarshe. Ana shirin farawa sai Alhaji Mati ya ce ba motar da za ta hau sabon wuri sai mai taya ya dawo daga gidan mai. Na ce wannan mai sauƙi ne. Muka kwashe kara, muka turo motar ta hau daɓen, aka yi tafi. Na kwance tayata na jefa a baya, na ce a tura ni gefe in je in zauna.

"Malam Sule," in ji Sarkin Tasha, "mota mai lodi ba ta motsi sai ta cika."

Ban gama jin maganar ba mutane suka yi caa. Tsohuwar nan ce ta fara hawa. Buhunan masara suka biyo, da tumaki, da wani mai keken ɗinki. Kafin mai jawabi ya gama gaishe da manyan baƙi mota ta cika maƙil, wani ya miƙo mini zakara ta taga ya ce in riƙe masa. Na ce to a jira a gama taro. Aka ce cikakkiyar mota ba ta tsayawa a wurin lodi, ta baya na jira.

Daidai lokacin aka ce a lasifika ɗan kwangila ya fito gaba. Hajiya Injiniya ta waiga ta hango ni a bayan sitiyari da zakara a cinya, Iro da 'yan kamasho na tura mota. Ta yi wa mai lasifika raɗa. Sai na ji an kira sunan Baba Haladu. A madubi na ga Alhaji Mati ya kama hannunsa yana ratsa kujeru da shi, manya sun miƙe tsaye. Motar ta yi tari ta tashi, muka ɗauki hanyar Doguwa.

Ban dawo ba sai bayan la'asar. An kwashe kujeru, kowa ya watse, wata mota na lodi a kan sabon daɓen. Baba Haladu na zaune a benci yana jirana, da robar lemo a hannu bai buɗe ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ya taro?"

Ya ce, "Tun ina saurayi nake gina wuraren nan, ban taɓa sanin ana zaunar da magini a gaba ba. Kullum ta bayan rumfa muke leƙe."

Sannan ya tashi ya cire takalmansa. Tunda ido ba ya gani sosai, da tafin ƙafa ya bi daɓen, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, ya zagaya motar da ke lodi, direban ya kashe rediyo. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙafar nan da ta ture mini bulo ranar da ya fara miƙa mini cokali. Ya dawo ya zura takalmansa, ya miƙa mini lemon.

"Sule," ya ce, "a aikin direba dai, ba laifi."